Allon Ɗan Caina Mai Sayen Citta

Ku da ke zaune gaban kwamfuta a shagon kusa da tasha, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar da na wuce da gwangwanayen fentina. Cewa ya yi, "Baba Katung har yanzu yana wahalar da kansa a kan abin da inji zai buga kafin shayi ya huce." Ban tanka ba, don hannuna da kaya. Yau hannuna babu komai, sai ku matso ku ji.

Ni mutumin Fadan Kaje ne. Na shigo Kafanchan ina saurayi, lokacin da jirgin ƙasa ke da rai, kowane mai shago kuma yana son a hango sunansa daga nesa. Kawuna ya kai ni wurin Malam Iliya, mai rubutun allo a bayan kasuwa. Shi Musulmi ne, kakanninsa tsofaffin 'yan kasuwar garin nan, ni kuwa ɗan coci, Hausata ma a lokacin ɗingishi take yi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi buroshinsa ne. Na daɗe a wurinsa ban taɓa fenti ba, sai wankin buroshi da kananzir, a matse da tsumma, a shafa ɗan man gyaɗa don kada gashin ya sandare, a kwantar da shi, ba a tsayar da shi a kan gashinsa. Daga nan sai gogar allo da samfefa har tafin hannu ya yi zafi. Daga nan sai zare da alli: ka shafe zaren da alli, ka ɗaure shi gefe da gefe, ka ja ka saki, ya bar maka layi miƙaƙƙe. Haɗa fenti ma karatu ne. In ya yi kauri ya riƙe maka hannu, in ya yi ruwa ya yi ta zuba a jikin allo kamar majina. Sai da na iya duk waɗannan ya ba ni tsohon kwanon rufi ya ce in yi ta rubuta harafin S. Ku da kuke danna ta da yatsa ɗaya ba ku san ta ba. S ba ta da inda za ka jingina hannu, in ka ji tsoro a tsakiyarta kowa zai gani daga tsallaken titi.

Aikin da ya buɗe mini ido na kabari ne. Wani saurayi ma'aikacin ofis ya zo a yi wa mahaifinsa rubutu a jikin gicciyen ƙarfe, ya ce a sa Paul. Malam Iliya ya ce, "Matarsa tana da rai?" Ya ce tana nan. Malam ya ce, "To kawo ta." Saurayin ya ɓata rai, amma washegari ya ɗauko ta a mashin. Tsohuwa ce, ba ta jin Hausa sosai, ni na yi tafinta da yarenmu. Aka tambaye ta sunan mijinta, ta ce Bityong. Ɗan ya ce, "Mama, a coci Paul ake ce masa." Ta ce, "A coci ke nan. Ni a gida na aure shi." Malam ya sa ta maimaita, shi ma ya yi ta bin bakinta, harshensa na Bahaushe yana tuntuɓe, har ta gyaɗa kai. Sannan ya ɗauki alli. Aka sa duka biyun, nata a sama. Da suka tafi ya ce mini, "Kada ka rubuta sunan mutum daga bakin ɗan aike. Ka ji daga mai shi, in ba ya nan ka ji daga wanda ya fi kowa kusa da shi." Da wannan ƙa'ida na buɗe shagona, da ita kuma nake har yau.

Na yi wa motocin katako rubutu gaba da baya, na yi wa teloli, masu aski, masu sayar da magani, majami'u, masallatai, makarantu. Akwai kwastoman da zai tsaya a kanka yana numfashi a wuyanka. Akwai wadda za ta ce a sa mata launi bakwai a allo ɗaya, in ka hana ta ce rowar fenti kake yi. Duk na ci da su. Har injin filaks ya zo, wannan ledar da kuke bugawa, na rage ciniki amma ban rufe ba, don mai hankali ya san leda ba ta kai damina biyu.

Shekarar da ta kusa kai ni ƙasa ita ce shekarar da citta ta ruɓe a gona. Kun san nan in citta ta yi tari, kowa zazzaɓi yake yi. Ba mai buɗe sabon shago, ba mai sayen mota, ba mai gyara gaban coci. Fentina ya yi fata a cikin gwangwani. Sai in buɗe shago, in share, in wanke buroshin da bai taɓa komai ba, in rufe. Matata ta koma soya ƙosai a bakin layi, da shi muke ci.

A cikin wannan hali ne wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofata. Mutum biyu suka fito. Ɗaya na san shi, Mande, dillalin citta, baki kamar rediyo. Ɗayan ɗan Caina ne, siriri, da tabarau, takalminsa duk jar ƙasa. Ya kama sito a kan titinmu, can gaba kaɗan, yana sayen ɗan abin da ya tsira na citta da gangamau. Mande ya ce babban allo suke so, na ƙarfe, faɗin ƙofar sito, fenti mai kyau. Raina ya ce, Ubangiji ya tuna da kai yau.

Mande ya ce, "Baba, ka sa Mr. Charles, Ginger Buyer. Manya-manya."

Na ɗauko benci na ba baƙon. Turancina na kasuwa ne, nasa ma haka, sai muka daidaita. Na ce, "Oga, mene ne sunanka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Charles."

Na ce, "Wanda mamarka ke kiranka da shi."

Ya kalli Mande. Mande ya ce, "Baba, abeg, bizines ne fa. Sunansu ba ya kiruwa. Ni kaina ban sani ba."

Na ce, "Kai ba ka tambaya ba ne."

Baƙon ya cire tabarau ya goge, sannan ya faɗa a hankali kamar mai jin kunya: Gwo Hai. Ya ce Gwo na gidansu ne, Hai nasa. Na ce, "Gwo." Sau ɗaya, bai ma gyara mini ba. Na ce masa, "Oga, ka zo ƙasar da ake cewa Kpak, ake cewa Tswa, ake haɗa baƙaƙe uku kafin a buɗe baki. Wannan naka ai ruwa ne. Charles ɗin ne ba mai iya faɗa. Ka saurara a kasuwa, Calis suke ce maka."

Ya yi dariya, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya ce malamar Turanci ce ta raba musu sunaye a aji tun suna makaranta, ta ce duk wanda zai fita waje sai da irinsu. Ya ce a Legas da ya faɗi nasa, yara suka bi shi suna kwaikwayon maganarsu suna dariya, wani ma'aikaci kuma ya rubuta shi iri uku a rana ɗaya. Ya ce, "Charles ba wahala. Mutane suna sakin jiki da ni."

Na ce masa ni ma an yi mini. Ranar da na shiga makaranta malami ya ce Katung sunan daji ne, ya sa mini Sylvester. Na ɗauke shi har na girma. Kakata ta mutu ba ta taɓa iya faɗarsa ba, in ta ji ana kira sai ta waiga ta ga ko baƙo aka yi. Sunan bai ba ni aiki ba, bai sa an ƙara mini nama a miya ba. Ranar da na rubuta allon shagona na ajiye shi, ban kuma ga abin da na rasa ba.

Na ce, "Ni ba zan hana ka Charles ba, naka ne in kana so. Zan sa shi a ƙasa, ƙanana. Amma sama sai Gwo."

Mande ya miƙe. "Baba, kwastoma ne ke faɗin abin da za a rubuta, ko kai? Ga yaran filaks can, gobe-gobe za su gama, ba wa'azi."

Na ce, "Hanya a buɗe take."

Baƙon ya tashi, ya ba ni hannu, ya bi Mande. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana. Da na gaya wa matata, ta ajiye matsamin ƙosai ta ce, "Katung, sunan ne za mu dafa?" Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba zan ce muku ba ta da gaskiya ba. Amma da za a sake dawo da ranar, abin da na faɗa shi zan faɗa.

Ku ne kuka buga masa, ko dai irinku. Leda ja da rawaya, Mr. Charles, da hoton citta da kuka kwaso a intanet mai kama da dankalin Turawa. Kullum in na wuce sai na gan ta. Shi kuwa in ya hango ni sai ya ɗaga hannu, ni ma in ɗaga.

Ana nan damina ta yi nisa. Ashe a wani ƙauye ta wajen Kauru akwai wani ɗan Caina daban mai haƙar duwatsu. Ya haƙe gonakin mutane, ya ɓata rafin da suke sha, ya bar ramuka ruwa ya cika su, ya kwashe injinansa ya gudu. Shi ma sunan da ya ba mutane Mista Charles. Samarin ƙauyen suka cika bas suka taho Kafanchan nemansa. A tasha suka tambaya, ina ɗan Caina Mista Calis? Aka nuna musu titinmu, aka ce ga sunansa can a rataye.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka. Ihu na fara ji, na fito da buroshi a hannu. Kafin in isa sun yage ledar, sun kifar da sikeli, ana jan buhuna waje. Mande, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya bi ta tagar baya, ba a sake ganinsa ba sai bayan sati. Gwo yana tsaye a ƙofa hannu sama yana cewa ba shi ba ne, ba mai jinsa. Dutse ya same shi a goshi, tabaransa ya faɗi, jini ya rufe masa ido ɗaya.

Wadda ta tsayar da abin ba ni ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Mama Saratu ce, wata manomiya daga Nok da ke kawo masa citta, gajeriya, da ɗankwalin zumuntar matan coci a kanta. Ta hau kan buhu ta buɗe hannuwa ta rufe ƙofar da jikinta.

Ta ce, "Wanda zai taɓa shi ya fara da ni! Wannan mutum ni na san shi. Kowane sati ina auna kaya a sikeli na shi. Bai taɓa riƙe shebur ba, rami na wane zai haƙa?"

Babban cikinsu ya ɗaga yagaggiyar ledar ya ce, "Mama, sauka. Ga suna a rubuce. Calis ne, ɗan Caina ne. Me ya rage?"

Ta ce, "A coci namu Yohanna biyar ne. In ɗaya ya saci akuya sai ka duke duka? Waye cikinku ya taɓa ganin mutumin da ido?"

Sai aka turo wani daga baya, wanda ya yi lebura a ramin. Ya matso ya leƙa fuskar Gwo, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai, ba shi ba ne. Wancan ƙato ne, da sanƙo, da haƙorin zinari." Wasu suka fara mayar da buhunan ciki da kansu. Ban ga laifin fushinsu ba, wanda aka ɓata wa ruwan sha dole ya yi fushi, amma saura kaɗan su kashe mutumin da bai san hanyar ƙauyensu ba. Ni da Mama Saratu muka ɗora shi a mashin zuwa asibiti aka ɗinke goshin.

Bayan 'yan kwanaki ya zo shagona shi kaɗai, a ƙafa, da filasta a goshi. Ya zauna a bencin nan da kansa. Ban ce masa ai na faɗa maka ba, ba a yi wa mai rauni haka. Shi ya fara magana. Ya ce, "Baba, ka rubuta Gwo."

Na ce, "Ka sani fa, suna ba ya tare dutse. Masu dariya ma ba za su daina ba."

Ya ce, "Na sani. Amma in za a jefe ni, a jefe ni a kan abin da ni na yi." Ya ce mutanen Legas a waya zai bar su da Charles ɗinsu, ya gaji da gyara musu. Na ce wannan tsakaninsa da su ne, allona dai yanzu ba zai ɗauka ba, ko da ƙanana. Sai ya ƙara da abin da ban shirya masa ba. Ya ce yana so a sa sunan da rubutunsu ma, a gefe.

Nan fa na san ban gama koyon sana'a ba. Ya zana mini da alli a ƙasa. Gwo ɗin nan harafi ɗaya ne amma gida guda ne: ɗigo a sama, layi a ƙarƙashinsa, ɗan akwati, sai wata ƙugiya, a dama kuma wani abu kamar kunne mai doguwar ƙafa. Na ce wannan ai zane ne, na iya zane. Na ɗauki kwano na kwaikwaya tsaf, na juya masa. Ya kalla, ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce kamar kaza ta bi ta kan fenti. Ni da furfurata! Na ce to nuna mini.

Ya zaɓi buroshi mai laushi cikin nawa, ya riƙe shi a tsaye cak, ba a kwance yadda muke yi ba. Ashe kakansa ya koya masa tun yana ƙarami. Ya ce kowane layi da lokacinsa, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, ba a rufe akwati sai an gama gefensa. Ka danna a farko, ka sassauta a tsakiya, ka ɗauke a ƙarshe, ba a komawa a gyara. Na ce wannan na ƙarshe na san shi, haka S take. Kusan mako guda in ya rufe sito da la'asar sai ya biyo, ni ina ɓata kwano, shi yana girgiza kai. Na ce ya rubuta da hannunsa a huta. Ya ce a'a, shi takarda ya sani, fentin mai yana masa gardama, kuma allon Kafanchan ne, hannun Kafanchan ya kamata ya yi shi.

Mai walda ya haɗa mana farantin ƙarfe. Na goge, na shafa jan fenti na hana tsatsa, na bi da kore mai duhu sau biyu, na bar shi ya bushe sosai don iskar damina ba a yi mata gaggawa. GWO HAI da fari, manya, yadda direba zai karanta bai rage gudu ba. A ƙasa, Mai Sayen Citta da Gangamau, da Hausa, don masu kawo kayan ba 'yan Ingila ba ne. A dama haruffansa biyu da ruwan zinari.

To ku da kuke cewa baƙo ya ɗauki sunan Turawa don a saba da shi, ku amsa mini. Sunayen 'yan ƙwallon ƙasashen waje masu karya haƙori, wa ya sauƙaƙa muku su? Kun haddace su har da na kakanninsu. Harshe ba ya gajiya sai a kan wanda aka raina. Kuma wane irin sabo ne wannan, mutum ya bar ƙasarsa, ya zo ƙasarmu, ya ari sunan ƙasa ta uku da ba tasa ba ba tamu ba? Cikin sati biyu duk matan da ke kawo kaya Gwo suke cewa. Mama Saratu ma Gwo ɗana take ce masa. Mande ne kaɗai ya dawo yana Oga Charles, shi ma da ya ga ba a waigowa ya bari.

Ranar da muka ɗaga allon da safe ne. Muka ɗaure shi, na sauko daga tsani, na koma tsallaken titi na duba, ya zauna daidai. Gwo ya ciro waya ya kira gida, irin kiran da ake ganin fuska. Can yamma ta yi. Wata tsohuwa ta bayyana, fuska duk tamoji, tana zaune a ɗan ƙaramin kicin. Mahaifiyarsa ce. Ya juya wayar ya nuna mata allon. Ta matso da ido har goshinta ya cika gilashin, sannan ta fara magana da sauri tana nuni da yatsa.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ce ƙafar kunnen ta yi gajere."

Na duba. Tsohuwar tana da gaskiya, kaɗan ya rage ta sauka inda ya kamata. A sana'ata ba a komawa kan layi, amma ba a kuma musu da uwar mai suna. Na mayar da tsani, na hau da gwangwanin zinari, ya riƙe wayar sama tana kallo. Na danna buroshi na ja ƙafar ƙasa a hankali. Ban kai ga ɗaukewa ba na ji ta yi wata 'yar ƙara, na tsaya cak a wurin.

Da na sauko tana ta magana tana dariya, tana share ido da bayan hannu. Gwo ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Ta ce yanzu ko ita kaɗai ta sauka a garin nan, ba sai ta tambayi kowa ba. Za ta gane ƙofar ɗanta."